Kada Mu Yi wa Uban Almajiri Shari'a a Kasuwa

Na ji waɗansu 'yan'uwana Kirista suna kushe manoman ƙasar Tofa a bainar jama'a, wai ba su ƙaunar 'ya'yansu tun da suna tura su almajirci bayan kaka. Wannan bai kyautu ba. Gonakin Tofa a matse suke, sau da yawa hatsin rumbu ba ya kai damina, ga kuma son karatun Alƙur'ani. Mu ma ai iyayenmu sun miƙa mu makarantar Mishan, nesa da gida.

Gwamnatin Kano ta hana bara a 2020, wannan kuwa aikin hukuma ne. In ka ga yaro cikin wahala, ka ba shi abinci, sa'an nan ka sami ubansa a zaure, ku biyu kaɗai. In ya ƙi ji, ga mai unguwa, ga dagaci.

Wasalam.