Malam, Daina Cewa a Goge Windows

Duk lokacin da ɗalibi a Ƙofar Mazugal ya kasa harhaɗa libevent a kwamfutarsa ta gwanjo, amsar wasu malaman manhaja ɗaya ce: goge Windows, sa Linux. Wannan gudun aiki ne da sunan shawara.

Aikin libevent shi ne gadin dubban hanyoyin sadarwa a lokaci guda, ta sanar da manhaja da zarar saƙo ya iso. Kowane tsarin kwamfuta da tasa dabarar: Linux na da epoll, FreeBSD da macOS na da kqueue, Windows kuwa IOCP. Idan CMake ya cije don bai ga OpenSSL ba, zaɓi ɗaya tak, EVENT__DISABLE_OPENSSL=ON, ya isa ya fitar da ɗalibin da darasinsa bai kai ga ɓoye saƙo ba. Malamin da wannan ya gagara, hadda kawai ya yi.

Node.js da libev ya soma a 2009. Da aka so ya zauna daram a Windows, sai aka rubuta libuv a 2011. Masu sana'ar sun lanƙwasa manhaja ta bi mutane. To don me za a tilasta wa yaron da ke ƙirga kuɗin data ya sauke sabon tsari ɗungurungum?