Kuba da wutar lantarki ba a yi musu ƙarfi

'Yan uwa makiyaya, bara cikin bazara kubar ɗakin ajiyar dusa da irin auduga na ƙungiyarmu ta cije. Masu gaggawa suka ɓalle ƙofa da gatari, ɗaki ya kwana a buɗe, da safe buhu shida babu.

Ƙurar hunturu ce ke toshe kuba. Man gyaɗa da muke ɗurawa ƙara kama ƙura yake yi. A hure ramin, a goga bakin fensir a jikin makulli, a juya a hankali.

Haka zancen injin niƙa kara. Wutar gida a Nijar bolt 220 ce. Injin da aka yi wa 110, irin na Amurka, ƙonewa zai yi nan take. Babban inji mai neman 380 kuma ba ya tashi da wutar gida. Siririyar wayar fitila zafi take ɗauka, ga ciyawa busassa a kusa.

Don haka muke kira ga kowane reshe ya tura yaro ɗaya koyon aikin nan, kuma a daina jan waya ba da gwani ba. Abincin dabbobinmu amana ne. Allah ya kiyaye.