A Manna Takardar Duba-gari a Ƙofar Masauki

Dare ya yi mana a hanyar Jega zuwa Koko muna dawowa daga biki a Andarai, muka kama ɗaki a wani masauki. Kuɗin cizo ya hana mu runtsawa. Da gari ya waye muka ga rijiyar da aka ɗebo mana ruwan alwala, taku kaɗan ne tsakaninta da shadda. Muka tambayi mai karɓar kuɗi yaushe rabon duba-gari da gidan. Dariya ya yi, ya nuna mana rasit ɗin haraji a bango.

Wato an san gidan, an san hanyar zuwa karɓar kuɗi. Ta leƙa banɗaki ce ta ɓace.

Kada a ce ai wannan yankin ba na manyan otal ba ne. Wa ke kwana a ɗakunan haya na kusa da kasuwar Jega in ba fatake da direbobi ba? A Aliero ga masu sarin albasa, ga ɗaliban jami'a cunkushe a gidajen haya, ga kuma waɗanda ba a cika tunawa da su ba: 'yan jinyar da ke kawo mai karaya wurin masu ɗori, su yi makonni suna raba shadda ɗaya da baƙi. Mai ɗauke da kwalara ya kwana nan yau, gobe yana Yawuri. A 2021 cutar ta kashe fiye da mutum 3,500 a Najeriya, har da mutanen Kebbi.

Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari mai buɗe randa yana neman tsutsar sauro. Ma'aikatan ba su ƙare ba, ga ma kwalejin kiwon lafiya nan a Jega.

Sana'armu rubuta manhaja ce, kuma a wurin aikinmu gwajin da ba a ga sakamakonsa ba daidai yake da ba a yi ba. Amma ba manhaja muke nema ba, kada wani ya samu kwangila. Takarda ɗaya ta isa: ranar da aka duba, sunan wanda ya duba, halin ruwa, shadda da shimfiɗa, a manna a ƙofa. Birnin New York tun 2010 yake manna wa gidajen abinci maki a fili. Za a ce ana iya sayen takardar. Gaskiya ne, amma mai sa hannu zai san sunansa na rataye inda kowa zai ɗauka a waya.

Ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama su fara da ɗakunan bakin tasha, kafin damina.