Gyaran gari: icce da wayar kuran

Duk shekara, in iskar farkon damina ta taso, ba a rasa unguwar da wuta ke ɗaukewa a Tasawa ko a Mayahi. Sai jama'a su ce laifin kamfani ne. Sau da yawa kuwa reshen bedi ne ya faɗa bisa waya. Mai injin niƙa ya rufe, mata su koma turmi. Mai firijo ya yi asarar ƙanƙara. A likita kuma maganin rigakafin yara sanyi yake so, in ya ɗumama ya lalace. Reshe guda ne ya jawo duk wannan.

Wutar nan daga nesa take zuwa. Kamfanin NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ke raba ta. A 1994 aka jawo babbar waya daga Katsina zuwa Gazawa. Daga can ta rabu biyu, ɗaya ta yi Maraɗi, ɗaya ta yi Damagaram. Ƙarfinta bolt 132.000 ne. Daga Gazawa ƙananan wayoyi ke ɗaukar wuta zuwa garuruwa. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar, ba ta maido ba sai watan Maris na 2024. Wanda ya ga watannin nan ya san darajar kuran.

Icce ma ba a banza aka same shi ba. Tsofaffi sun tuna farin 1973 da 1974, da na 1984, lokacin da bisashe suka ƙare, iska ta binne shuka. Tun 1975, zamanin Seyni Kunce, aka mai da 3 ga Agusta ranar dashen itace. A 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Bayan nan manoma suka kama sassaben zamani, suna barin tohon kututture ya zama icce cikin gona. Bedin da ke inuwa a bakin hanyoyin gari, da tashar mota, da ƙofar makaranta, wani ne ya dasa shi, ya yi mashi shinge, ya yi ta ɗibar mashi ruwa a rijiya. To gari yana son wuta, yana son inuwa. Ina rikicin yake?

Rikicin tun ranar dashe yake farawa. Mutum ya karɓo ɗan bedi cikin leda, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba. Ya duba ƙasa, ya haƙa rame a ƙofar gidansa. Bai ɗaga kai ya duba sama ba. Bedi kuwa yana kai metir 15, har ya wuce. Wayar cikin unguwa ba ta cika wuce metir 8 ba daga ƙasa. In iccen ya samu ruwa, cikin ƴan shekaru ya kai ta. Daga ranar nan ba shi da sauran kwanciyar hankali, sai sara bisa sara, har ya zama kututture.

Wani wurin kuma icce ne ya riga zama, waya ta tarar da shi. Garuruwa suna faɗi, ana yanka filaye cikin gonakin da ke kewaye. Cikin gonakin nan akwai gawo wanda ya girmi mai gonar. Sai a ja layin hanya bisa takarda, ba a je an ga gawon ba. Ranar kafa poto sai gardama ta tashi.

Maganin wannan ba ya cin kuɗɗi da yawa. In za a yanka sabuwar unguwa, ma'aikatar magajin gari ta tara ma'aikatan kuran, da na gandun daji, da mai unguwa, su taka wurin da ƙafa. A bar wa poto gefe guda na hanya, a bar wa manyan itatuwa ɗaya gefen. Inda aka tarar da tsohon gawo, a gusa da poto. Gusa poto tun bisa takarda aikin yini ne. Gawo kuwa sai ya yi shekaru da yawa kafin ya yi inuwa. Ana ba da labari cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya sa hukuncin kisa ga wanda ya sare gawo. An daina irin wannan, amma dokar gandun daji ta 2004 tana nan, kuma gawo na cikin itatuwan da hukuma ke tsaro. Mai sara ba izini tara ce ke jiransa.

Ƙarƙashin waya ba a bar shi fili ba dole. Akwai itatuwa gajeru: lalle, rumman, gwaiba, lemun tsami. Zogale ma ya yi, don kullum ana datse kansa ana cin ganye. Bedi, da turare, da mangwaro, da tsamiya, a kai su can gefe, kamar taki 10 daga layin waya. Mutanen Gulbin Kaba su lura da goruba. Ita da giginya ba a rage masu tsawo. Daga kai suke toho, in an sare kan, wannan reshen ya mutu ke nan. Tohon kaba da ya fito ƙarƙashin waya gara a riƙa yankan shi don tabarma da igiya, kada a bar shi ya miƙe.

Iccen da ya riga ya kai waya fa?

Wannan ba aikin mai gida ba ne, ba kuma aikin yaro mai hawa ba ne. Wayoyi iri-iri ne. Wadda ke shiga gida bolt 220 gare ta, ita ma tana kisa. Wadda ke bin hanya tsakanin gari da gari, guda uku tsirara bisa dogon poto, bolt 20.000 ko 33.000 gare ta. Ita ba sai an taɓa ta ba. In mutum ko ƙarfe ya matsa kusa ƙwarai, wutar tsalle take yi. Baƙar wayar nan mai roba da aka murɗa kamar igiya ta fi sauƙi, amma reshe da ke gogar ta dare da rana yana cinye robar. Ɗanyen icce kuma ruwa gare shi ciki, ruwa kuwa hanyar kuran ce. Reshe na taɓa waya a sama, mai riƙe da gindi a ƙasa yana iya jin ta.

Don haka a faɗa wa mai unguwa ko mai gari. Shi ya kai magana ga ma'aikatar magajin gari da NIGELEC. A sa rana. A yanke wutar layin, ma'aikacin kuran ya tabbatar da bakinsa, sannan a hau. Lokacin da ya dace shi ne bayan girbi, cikin ɗari, kafin iskar watan Mayu da Yuni.

Saran ma iyawa ne. Abin da aka saba gani shi ne a gundule kan bedi gaba ɗaya, a bar shi tsaye kamar turmi. Wannan ɓarna biyu ce. Inuwa ta tafi a tsakiyar bazara. Sannan bedi ba ya fushi, sai ya fid da toho da yawa daga wurin saran, dogaye marasa ƙarfi, duk su miƙe sama su koma ga waya. Su ne iska ke karyawa. Abin da ya fi, a zaɓi rassan da suka nufi waya, a cire su daga inda suka fito, a bar waɗanda suka nufi gefe. Reshe mai nauyi a fara yi mashi ɗan sara daga ƙasa, sannan a sare daga sama, don kada ya faɗi ya yage ɓawon uwar. Inda ɓawo ya yage nan gara ke shiga. Iccen da aka saro kuma a san na wa ne tun kafin a hau, don makamashi na haɗa maƙwabta faɗa.

Makiyaya su ma maganar ta shafe su. Gawo da rani yake ganye da ƴaƴa, lokacin da ciyawa ta ƙare. Makiyayi na kaɗo wa bisashe da doguwar sanda mai ƙugiya. Kafin ya ɗaga sandar ya duba ko waya ta bi ta cikin iccen. In ta bi, ya wuce wani. Mai raƙumi da mai amalanke da suka yi lodin kara mai tsawo su duba inda waya ta yi ciki. Kada kuma a ɗaure dabba ga poto, ko ga wayar da ke riƙe shi.

In waya ta tsinke ta faɗi, a ɗauka da wuta cikinta ko da unguwa duk duhu ne. Ƙasar da ke kewaye da ita ma tana ɗaukar kuran, balle in an yi ruwa. Saniya da jaki sun fi mutum haɗari, don tsakanin ƙafafunsu na gaba da na baya da nisa. A kore yara da bisashe, a tsaya nesa kamar taki 15. In ta kama mutum kada a ja shi da hannu. Mutum guda ya tsaya yana hana wucewa, wani ya kira ma'aikatan kuran ko ƴan kwana-kwana a lamba 18.