Wace Tsutsa?

Je ka kasuwar Kunci da damina ka tsaya kusa da mai sayar da maganin feshi. Manomi zai ce, "Tsutsa ta kama mini gona." A miƙo masa kwalba, ya biya, ya tafi. Babu mai tambayar wace tsutsa.

Wasu na cewa sunayen Latin da masana suke laƙaba wa ƙwari burga ce ta 'yan boko, Hausa ta ishe mu. Ban yarda ba, ko da yake na san inda suka dogara. Bahaushe ya raba tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa, ya bambanta gara da zago, ya san fara daban, babe daban. Amma da ya zo kan abin da ke cinye masa abinci, sai ya tattara su duka ya ce tsutsa. Wadda ke huda furen wake da kwansonsa ita ce Maruca vitrata. Wadda ke shiga zuciyar masara da dawa kuwa Spodoptera frugiperda ce, baƙuwa daga nahiyar Amurka, sai a 2016 aka fara ganin ta a Nijeriya. Kakanninmu ba su raɗa mata suna ba don ba su taɓa ganin ta ba. Tsarin suna biyu da Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758 shi ya sa aka gane ta da wuri, aka nemi abin da manoman Barazil suka riga suka sani game da ita.

A 2019 cibiyar binciken noma ta Samaru ta fitar da irin wake SAMPEA 20-T, mai jure wa Maruca. Ita kaɗai! Manomin da ya ji an ce "waken da ƙwari ba sa ci" zai ajiye feshi, darɓa ta rufe masa gona, ya rantse an yaudare shi.

Laifinmu ne mu da muka yi karatu. Mun haddace sunayen don jarrabawa, mun bar su a can. Abin da nake nema shi ne masana ƙwari na Samaru da masana harshe na Jami'ar Bayero su zauna da tsofaffin manoman Kunci, kowane ƙwaro a ajiye hotonsa, da sunansa na Latin, da na Hausa a gefe. Wanda ba shi da na Hausa a raɗa masa, a buga a jikin kwalbar magani.