Tano ba wurin tsayuwa ba ne

Jama'a masu saurare, ku zaga shantiye a Maraɗi ko Damagaram: tano biyu, katako guda bisa, magini na yaɓe. In ka yi magana a ce "ai ba nisa". Wane ba nisa? Mita guda ma, in ƙeya ta samu bulo, sai likita.

Mai gida, da kai nike. Ka sayi siminti tan-tan, amma dandamalin ƙarfe ya gagare ka? Mai walda na unguwa na ƙera shi: ƙafafu masu faɗi kada su nutse cikin rairayi, katako ɗaure, makari daidai ƙugu. Mai taya kuwa, sai da birki.

Ran da yaron ya karye, wa za ya biya magani? Uwarsa ce za ta saida akuya.