Inda Ba Ƙasa Nan Ake Gardamar Kokawa

Ƴan uwa manoma da makiyaya, mazaunan Magariya da Dungas, yau ga wata tambaya. Me ya sa mutane biyu za su yi gardama kan farashin gero, su tashi suna dariya, amma da an ambaci yaƙi sai jijiyar wuya ta tashi, a rabu baram-baram?

Mun ga haka da idonmu a daminar 2023. Ran 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazum Muhammad, Janar Abdurahaman Tiyani ya karɓi mulki. Ran 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ta ba sojojin kwana 7 su mayar da Bazum, in ba haka ba tana iya amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar.

Daga nan hira ta lalace. A wata fada inda nake shan shayi, akwai maƙwabta biyu da suka yi shekaru suna cin tuwo a akushi ɗaya. Ɗaya ya ce sojoji sun ƙwato mutuncin ƙasa, in yaƙi ya zo a yi. Ɗayan ya ce mulkin da aka samu da ƙuri'a bai kamata a karɓe shi da bindiga ba. Na farko ya kira shi ɗan koren Faransa. Na biyu ya kira shi ɗan amshin shatan soja. Suka yi watanni ba gaisuwa. A cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe bindiga. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa.

To, me ke kawo wannan zafi? Na ga dalilai huɗu.

Na farko, jini. Maganar yaƙi maganar rai ce. Tun Fabrairu 2015 Boko Haram ta fara kai hari Bosso da Diffa. A Inates, ran 10 ga Disamba 2019, an kashe sojojinmu 71. A Shinagodar, ran 9 ga Janairu 2020, an kashe 89. Waɗannan ƴaƴan talakawa ne. Wanda ɗansa ke cikin soja, in ya ji ana sukar soja, gani yake ana taka kabarin ƴan uwan ɗansa. Wanda ƴarsa ke aure a Ɓaɓura, in ya ji ana kirarin yaƙi, gani yake gidanta za a ƙona. Su biyun tsoro ne ke magana a bakinsu, kuma mai tsoro ba ya sauraro.

Na biyu, tsohuwar gaba. Kafin zancen yaƙi ya zo, siyasa ta riga ta raba mu. A zaɓen 21 ga Fabrairu 2021, Bazum ya kara da Mahaman Usman, dukansu ƴan siyasar jihar Damagaram. An yi zaɓe ya wuce, amma ciwon bai warke ba. Da juyin mulki ya zo, da yawa ba su tsaya sun auna maganar ba. Sai kawai suka duba inda abokin hamayyarsu ya tsaya, suka koma wancan gefe.

Na uku, suna. Da ka ce wa mutum maci amanar ƙasa, ka rufe ƙofa. Ba zai ƙara jin hujjarka ba, mutuncinsa zai tsaya karewa. Kai ma ba za ka iya ja da baya ba, don ka faɗi magana gaban jama'a. Magana zarar bunu ce.

Na huɗu, salula. Da can sai labari ya bi ta bakin mutumin da ka sani. Yanzu murya ce ke shigowa ta WhatsApp, ba suna, ba gari, tana rantsuwa wai ga sojoji sun iso bakin iyaka. Kafin a gane ƙarya ce, ta zagaye ƙauye goma. Labari mai sanyi ba ya gudu kamar mai tada hankali.

Wani zai ce: \"Ashe so kake mu yi shiru, ana yi wa ƙasa barazana?\" A'a. Fushin da mutane ke yi da Faransa yana da tushe, don ta mallake mu da bindiga, kuma bayan 1960 ba ta sakar mana mara sosai ba. Tsoron mulkin da ba a zaɓa ba shi ma yana da tushe, don tun 1974 Nijar ke ganin juyin mulki. Kowa ya faɗi nasa. Abin da nake suka shi ne mayar da mai tambaya maƙiyi. Wanda ya ce \"in an yi yaƙin nan ɗan wa zai mutu?\" ba maci amana ba ne. Wanda ya ce \"kada baƙo ya yi mana hukunci\" ba mahaukaci ba ne.

Ku tambayi tsofaffi. A ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, jam'iyyar Sawaba ta Jibo Bakari ta ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa, RDA ta Jori Hamani ta ce i. Raƙumi da giwa suka raba gari, suka raba gida. A 1959 aka haramta Sawaba. A 1964 magana ta kai ga bindiga. An kashe wasu, an ɗaure da yawa, wasu suka gudu Kano. Da baki aka fara, da makoki aka ƙare.

Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa bukatar hankali. Turawa ne suka ja layin nan, ba su tambayi kowa ba. Daga Magariya ka bi ta Tinkim ka faɗa Babban Mutum. Daga Dungas ana kora dabbobi zuwa kasuwar Maigatari ta ran Alhamis. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba a 2023, amma rufe iyaka kaɗai ya tada farashin abinci da magani, ya karya mai saida akuya da wake. Masu kirarin yaƙi a Yamai da Abuja ba su ne za su fara ganin hayaƙi ba. Mu ne.

Kuma ku duba waɗanda suka taimaka wutar ta lafa. Ba masu zagi ba ne. Ran 5 ga Agusta majalisar dattawan Najeriya ta nemi a bi hanyar sulhu. Muhammadu Sanusi na Biyu na Kano ya je Yamai tare da Sarkin Damagaram. Malamai ƙarƙashin Shehu Bala Lau suka bi baya. Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi ma sun je. Ran 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumi, a watan Maris aka buɗe iyakar Nijar da Najeriya. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairu 2025, amma Magariya ba ta matsa daga inda take ba, Kano ma haka.

Saboda haka, ɗan uwa, in gardamar yaƙi ta taso a fada ko a tsakar gida, riƙe abu uku. Tambayi wanda ya kawo labari a ina ya ji. Soki magana, kada ka soki mai ita. Kafin ka ba da amsa, maimaita abin da abokinka ya faɗa har ya yarda ka fahimce shi. Kai da ka koyi karatu, nauyin ya fi hawa kanka, don kai ake miƙa wa salula a ce karanta mana.

Harshe da haƙori ma suna saɓawa, amma baki ɗaya suke kwana. Ranar da gobara ta tashi a rumbunka, ba shugaban jam'iyya ne zai kawo ruwa ba. Maƙwabcin nan ne da ka daina gaisarwa. Je ka gaishe shi tun yau.